Kwat ɗin Onofrio

Ya shigo da ita a ƙunshe cikin leda
kamar wanda ya sayo kifi a kasuwar Ballarò.
Na ce, yaro, fara fidda ta.
Lilin numfashi yake so,
in ka shaƙe shi, rawaya yake yi don haushi.

Liborio sunansa. Ta kakansa ce, in ji shi,
shekara sittin tana kwance a akwati,
ran Asabar zai sa ta ya karɓi digiri.
"Gobe za ta samu, Nunziata?"
Na ce sauri ya haifi nawa, dawo Juma'a.

Na kakkaɓe ta a baranda.
Warin kafur ya sauka har kan titi,
kyanwar maƙwabta ta yi atishawa ta bar wurin.
Asu ya ɗanɗana gwiwar hannu ya ƙyale,
da ulu ne, da sai dai labari.
A aljihu, tikitin motar Mondello,
tsinken sakace, da yashi kaɗan.

Na taki sa'a, ba ta da shafi.
Ruwan sanyi a baho, farin sabulu da na kankare da wuƙa,
ban cuɗa ba, ban murɗa ba,
dannawa kawai, kamar mai lallashin jariri.
Tsohon zare ƙashin tsohuwa ne,
ni na sani, ina da irinsa.
Ruwan farko ya fito kamar shayi,
na biyu kamar romo,
sai a na huɗu na ga ƙasan baho.
Na naɗe ta a tawul, na shimfiɗa a inuwa,
don ranar Palermo ba ta san ya isa ba.

Da sauran danshinta na ɗora dutsen guga,
ta ciki, da ƙyalle a tsakani
kada ta yi ƙyallin talauci.
Wando ya miƙe. Baya ya kwanta.
Na ɗaga kwalar hagu,
sai ga shi.

Tabo, bai fi kwabo ba,
ja ne a dā, yanzu launin ƙasa.
Ruwan rumman.
Na san kofin da ya fito daga ciki,
na san hannun da ya yi rawa.
Shekarata sha shida, a rumfar babana bakin teku,
ya miƙo kuɗi, na miƙa kofi, idona na wani wuri,
wato a fuskarsa.
Bai yi faɗa ba. Ya mayar da kwalar ya rufe,
ya ce, "Daga ni sai ke muka sani."

Da kaka ya hau jirgin ƙasa zuwa Jamus.
Ya dawo da mota, da mata, da tumbi.
Ni ma na auri Gaspare, ban yi asara ba,
mutum ne mai gyara famfo ba a roƙe shi ba.

Ga lemun tsami a yanke, ga gishiri a tafina.
Na san aikinsu, shekara hamsin ina korar tabon mutane,
na miya, na jini, na jan-bakin da ba na matar gida ba.
Na tsaya har dutsen ya huce.
Na matse lemun a shayina.

Ran Juma'a ya gwada. Kafaɗa ta ɗan yi masa yawa.
Na ce maratayin katako, mai faɗi,
jakar auduga, ba leda ba,
in ka yi gumi ka shanya kafin ka ajiye.
Za ta yamutse tun kafin ka kai ƙofa, ƙyale ta,
lilin da bai yamutse ba, ba a je ko'ina da shi ba.

Ya laluba, ya ɗaga kwalar.
"Wannan bai fita ba?"
Na ce wannan ya riga ya zama zare.
Na rage masa yuro biyu.